Kada jimla ta faɗi abin da wakili bai sani ba

Yawancin masu karanta labaran Hausa a yau ba takarda suke riƙe da ita ba, waya ce a hannunsu, kuma sau da yawa labarin ne yake zuwa ya same su ba tare da sun je nemansa ba. Wani ya turo shi a zauren WhatsApp na dangi, ko ya faɗo musu suna cikin duba Facebook a bayan Adaidaita Sahu, ko a shago kafin mai saye na gaba ya shigo. Abin da mutum zai fara gani shi ne kanun labari da hoto ɗaya da layi biyu, daga nan ya yanke shawara ko zai kashe datarsa ya buɗe, ko zai wuce, ko kuma zai tura wa wasu ba tare da shi kansa ya buɗe ba. Duk wanda zai yi maganar ƙwarewar rubutu da tace labari a intanet, daga wannan mai karatun ya kamata ya fara, domin shi ne ake yi wa aikin.

Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, ba kullum take fita ba, saboda haka akwai kwanaki tsakanin rubuta labari da isarsa hannun jama'a. A cikin kwanakin nan edita zai karanta, mai ɗab'i ya jera haruffa, mai duba kurakurai ya bi layi-layi. Haka sassan Hausa na gidajen rediyon waje, tun daga BBC da ta fara a 1957 har zuwa RFI da ta shigo a 2007, suna da ƙayyadaddun sa'o'in shiri, kuma rubutun wakili ba ya kaiwa ga makirufo sai ya bi ta hannun wani. Yanzu kuwa a shafuka da yawa mutum ɗaya ne wakili, shi ne mai fassara, shi ne edita, shi ne mai zaɓen hoto, kuma shi ne zai danna a wallafa. Ban ɗauki wannan sauyi a matsayin masifa ba, domin ta dalilinsa ne labarin ƙauyen da babu jaridar da ta taɓa zuwa yake iya kaiwa kunnen gwamna a rana guda. Sai dai hannuwan da a da suke tsakanin wakili da mai karatu aiki suke yi, kuma raguwarsu ba ta rage aikin ba, ta dai tattara shi ne a kan mutum ɗaya.

A ganina, dukkan wannan aiki yana komawa ga abu guda: kada jimla ta faɗi fiye da abin da marubucinta ya sani, kuma ta nuna wa mai karatu ta wace hanya ya san shi. Daɗin salo da gajarta sakin layi da zaɓen hoto mai kyau duk suna da amfani, amma a bayan wannan suke.

Ranar 7 ga Maris, 2024, 'yan bindiga suka afka wa makaranta a garin Kuriga da ke ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna, suka kora ɗalibai daji. Adadin da ya fara fitowa, daga bakin wani malamin makarantar, shi ne 287, kuma wannan adadi ne ya zagaya duniya. Ranar 24 ga watan sojoji suka sanar da cewa an kuɓutar da yara 137 a jihar Zamfara, gwamnatin Kaduna kuma ta ce su ke nan waɗanda aka sace. Shafin da tun ranar farko ya rubuta cewa an sace ɗalibai 287, kai tsaye kamar ya ƙirga su da hannunsa, ya bar masu karatunsa da tambayar ina sauran 150 suke, kuma ba shi da amsar da zai ba su. Shafin da ya rubuta cewa wani malamin makarantar ya shaida wa gwamna cewa yara 287 ne ba a gani ba, kuma ana ci gaba da ƙirga, bai faɗi abin da zai janye ba. Bambancin da ke tsakaninsu 'yan kalmomi ne. Edita mai lura ya san cewa adadin farko a irin wannan rana ba ya cika tsayawa, domin wasu yaran sukan tsere cikin daji su dawo gida daga baya, wasu sunansu yana rajista amma ba su je makaranta ba a ranar, mai ba da adadin kuma yana cikin firgici. Wannan ba ya nufin adadin hukuma shi ne gaskiya don kawai hukuma ce ta faɗa. A watan Afrilun 2014 rundunar sojin Najeriya ta sanar da cewa an kuɓutar da yawancin 'yan matan Chibok, daga baya ta janye maganar. Bayan harin jirgi maras matuƙi da ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disamba, 2023, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85, ƙungiyar Amnesty International kuma ta ce waɗanda suka mutu sun kai 120. Aikin edita a nan shi ne ya kawo adadin biyu, kowanne da sunan mai shi, ba ya zaɓi wanda ya fi girma don ya fi jan hankali ba, ba kuma ya nemi tsaka-tsaki ya ƙirƙiro adadi na uku da babu wanda ya faɗa ba.

Kalmomin da muke jingina magana da su ma suna ɗauke da hukunci, ko mun yi niyya ko ba mu yi ba. Idan aka rubuta cewa kwamishina ya tabbatar da an gama biyan albashi, jarida ta sa hannu ke nan a kan cewa an biya. Idan aka ce ya yi iƙirarin an biya, jarida ta nuna shakkunta. Idan aka ce ya amsa cewa ba a biya ba, an nuna kamar da yana ɓoyewa ne aka matsa masa. Kowace daga cikinsu tana da wurinta, amma sai marubuci yana da hujjar da ta kai nauyinta. In babu hujjar, "ya ce" ta wadatar, kuma babu aibi a maimaita ta sau biyar a labari ɗaya. Ina yawan ganin matasan marubuta suna gudun wannan maimaici saboda an koya musu a makaranta cewa rauni ne a insha'i, sai su riƙa canza kalma a kowane sakin layi, har a wayi gari an rubuta cewa mutum ya "fallasa" abin da ya faɗa a bainar jama'a gaban manema labarai. Haka nan "an" da Hausa ta ba mu, wadda take da amfani idan ba a san mai aikin ba, takan zama mafaka idan an san shi. Idan shaidu uku sun ce jami'an tsaro ne suka yi harbi, rubuta cewa an harbe mutum biyu ɓoye rabin labarin ne. Batun "majiya mai tushe" kuwa, ana iya sakaya sunan mutum don kare shi, amma dole edita ya san ko wane ne, ya san ta yaya ya samu bayanin, kuma a gaya wa mai karatu gwargwadon abin da ba zai tona shi ba, kamar cewa ma'aikacin asibitin ne da yake bakin aiki a daren. Rubutun da wani ya sa a Facebook ba ya zama rahoto don kawai an ce "rahotanni sun nuna".

Kanun labari shi ne wurin da aka fi karya wannan ƙa'ida, kuma shi ne wurin da karya ta ya fi tsada, tunda shi kaɗai yake tafiya ya bar sauran labarin a baya. A jaridar takarda kanu da labari suna shafi ɗaya, ido yana iya sauka ƙasa ya gyara abin da kanu ya wuce gona da iri a kai. A intanet kanu yana iya shiga zaure ɗari alhali labarin ba a buɗe shi ba. Saboda haka kanu ya zama cikakkiyar magana mai iya tsayawa da ƙafarta: wane ne ya yi mene ne, a ina. A sa kalmomin da suka fi muhimmanci a farko, domin Google yakan datse kanu idan ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka, waya ma takan datse. "Da ɗumi-ɗumi" da "yanzu-yanzu" an yi su ne don abin da ya faru a wannan sa'a kuma ya shafi mutane da yawa, amma shafin da yake manna su a kan kowace ziyarar ban-girma zai rasa abin da zai kira jama'a da shi ranar da gobara ta tashi a kasuwa. Abin da ya fi damuna shi ne sa "Innalillahi" a kan kanu tare da hoton wani sanannen mutum da yake raye, sai an buɗe a tarar ɗan'uwan direbansa ne ya rasu. Wanda ya yi wannan ya samu dannawa, amma ya tayar da hankalin iyalai, ya kuma yi wasa da kalmar da Musulmi yake furtawa a lokacin musiba. Kamfanin Facebook da kansa ya sanar a 2014, ya sake sanarwa a 2016, cewa zai rage yaɗa kanun da suke ɓoye bayani don tilasta wa mutum ya danna, saboda haka ko ta fuskar kasuwa ma hanyar ba mai ɗorewa ba ce.

Akwai kuma kanun da ba da gangan suke yaudara ba, rashin fahimtar lissafi ne ya haife su. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa hauhawar farashi a Najeriya ta kasance kashi 24.48 cikin ɗari a watan Janairu, alhali a Disamban 2024 ta ce kashi 34.80 ne. Mai gaggawa zai rubuta cewa farashin kaya ya sauko, kuma zai yi kuskure ta fuska biyu. Da fari dai, babban dalilin wannan tazara shi ne hukumar ta sauya shekarar da take auna farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take bibiya, wato ma'aunin ne ya canza. Sannan ko da ma'aunin bai canza ba, raguwar hauhawar farashi ba ta nufin kaya sun yi araha, tana nufin suna ci gaba da tsada ne amma ba da saurin da ba. Matar da ta auno kwanon masara da safe ta san nawa ta biya, idan ta ga kanu yana gaya mata farashi ya sauko ba za ta zargi hukumar ƙididdiga ba, jaridar za ta daina yarda da ita. Marubucin da bai gane adadi ba ya kira malamin tattalin arziki ya tambaya kafin ya rubuta, wannan ba abin kunya ba ne.

A kula da miliyan da biliyan da tiriliyan, domin harafi ɗaya yana ninka kuɗi sau dubu. A kuma faɗi kuɗin wace ƙasa ake nufi, tunda labarin Hausa a intanet ba shi da kan iyaka: ana karanta shi a Kano da Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi a lokaci ɗaya. A Nijar dala tana nufin sefa biyar a lissafin kasuwa, don haka idan kuɗin Amurka ake nufi a rubuta dalar Amurka.

Sakin layi na farko shi ma yana da tasa wahalar a wurinmu, saboda tarbiyyar maganarmu ta koya mana mu fara da gaisuwa da shimfiɗa kafin mu kai ga abin da ya kawo mu. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure, amma labari a waya ba ya jure shi. Tun a 1997 Jakob Nielsen, mai binciken yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, ya ba da rahoton cewa kashi 79 cikin ɗari na waɗanda ya gwada ba sa karanta shafi kalma-kalma, ido kawai suke bi da shi suna tsintar abin da suke nema, kuma a lokacin ma a kwamfuta ake karatu, ba a ƙaramin allon waya ba. Saboda haka abin da ya fi muhimmanci ya zo a jimlar farko, mai bi masa ya biyo, ta yadda duk inda mutum ya tsaya ya riga ya samu abin da ya fi buƙata. Jerin laƙabi da sarautu da digirorin girmamawa da akan tara a gaban sunan mutum har su cinye layi uku ba su da wuri a nan. Ban ce a zubar da girmamawa ba, Mai Martaba Sarki yana nan a matsayinsa, amma a faɗa sau ɗaya a wuce.

Wannan ya fi fitowa fili a yadda ake mu'amala da takardun sanarwa. Ofishin yaɗa labarai na gwamna ko na ma'aikata yana rubuta sanarwa ne don ya faranta wa maigidansa, don haka zai fara da cewa mai girma ya jaddada ƙudurinsa na inganta ilimi, ya yaba wa wane, ya yi kira ga wane, sai can ƙasa a ambaci cewa za a rufe rajistar ɗalibai ranar Juma'a, ko kuma an ƙara kuɗin makaranta. Labarin yana can ƙasan, kuma aikin ɗan jarida shi ne ya tono shi ya kawo shi sama, sannan ya ɗauki waya ya tambayi abin da sanarwar ta yi shiru a kai: nawa ne ƙarin, daga yaushe, su wa ya shafa. Wanda ya fassara sanarwa daga sama har ƙasa ya wallafa, ya yi wa ofishin gwamna aiki kyauta. Shi ya sa za ka ga labari ɗaya a shafuka da yawa da kalmomi iri ɗaya da kuskure iri ɗaya, saboda kowa daga ɗan'uwansa ya kwafa, kuma babu wanda ya ambaci inda ya samo.

Ba za a ɓoye cewa kaso mai yawa na labaran da muke karantawa da Hausa da Turanci aka fara rubuta su ba. Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke juya shafi guda cikin ƙiftawar ido. Ba na ganin laifin amfani da su, laifin yana wajen wallafa abin da suka fitar ba tare da mutum ya zauna a kansa ba. Na'ura takan mayar da minista mace namiji a tsakiyar labari, takan ɗauko karin maganar wani harshe ta dasa yadda yake, ta bar jimla da kalmomin Hausa amma ƙashin bayanta na Turanci. Hanyar da na fi amincewa da ita tsohuwa ce: ka karanta labarin har ka gane shi, ka kawar da shi daga gabanka, ka rubuta shi yadda za ka ba wa dattijon da kake jin nauyi labari, sannan ka komo ka gwada sunaye da adadi da ranaku da maganganun da aka ɗauko daga bakin mutane. Idan ka kasa ba da labarin ba tare da kallon asalin ba, to ba fassarar ce ta gagare ka ba, labarin ne ba ka gane ba tukuna.

Labaran 'yan sanda da kotu sun fi kowanne buƙatar wannan fahimta, domin kowane mataki yana da sunansa. Kamawa daban, tsarewa daban, gurfanarwa a gaban kotu daban, samun mutum da laifi daban, kuma ba da beli ba wankewa ba ne. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa, saboda haka wanda 'yan sanda suka yi holinsa gaban kyamara wanda ake zargi ne, ba ɓarawo ba, ko da kakakin rundunar ya ce ya amsa laifinsa. Kuma duk wanda labari ya ɗora wa zargi a neme shi a ji ta bakinsa, in ya ƙi magana a rubuta cewa an neme shi, da ranar da aka neme shi. An yi amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida a Najeriya kafin a yi masa gyara a 2024, a Nijar kuma an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet a watan Yunin 2024. Ina cikin masu ganin cewa bai kamata a kai ɗan jarida kurkuku saboda rubutu ba, amma tunda haka yanayin yake, wakilin da ya adana muryar da ya naɗa da takardun da ya gani da saƙon da ya tura wa ɗaya ɓangaren ya fi samun abin kare kansa.

Sai ƙa'idojin rubutu, waɗanda wasu suke ɗauka ado ne. Haruffa masu lanƙwasa ba ado ba ne, domin daure daban ɗaure daban, kare daban ƙare daban, kuma a kanun labari, inda babu dogon bayanin da zai warware ruɗani, bambancin yana iya juya ma'ana gaba ɗaya. An yi taruka a kan daidaita rubutun Hausa, har da na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, kuma Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zalla a 2006, saboda haka ba a rasa madogara ba. Uzurin cewa waya ba ta da haruffan ya riga ya faɗi, tunda Gboard, manhajar Google ta buga rubutu a waya, yana da allon Hausa. Uzuri ɗaya da nake ganin yana da nauyi shi ne cewa masu neman labari a Google galibi ba sa sa lanƙwasa idan suna rubuta abin da suke nema, sai edita ya ji tsoron kada labarinsa ya ɓace musu. Ana iya magance wannan ta hanyar barin adireshin shafin da kalmomin nema da haruffa marasa lanƙwasa, a bar kanu da labarin kansa a kan ƙa'ida. Haka rabawa da haɗe kalmomi: "yana" a haɗe, "za a" a rabe, "a kan" tebur daban da "akan" yi. Yara da yawa a yau Hausar da suka fi karantawa ita ce ta shafukan labarai, abin da suka gani a nan shi za su ɗauka daidai ne.

Hoto da bidiyo ma rubutu ne, kuma suna buƙatar tacewa fiye da kalmomi. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen da aka yi a jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook aka ce daga yankin Gashish suke. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyon a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012, kuma 'yan sandan jihar sun danganta yaɗuwar irin waɗannan hotuna da kisan ramuwar gayya da ya biyo baya a kan matafiya. Kafin a ɗora hoto a saka shi a Google Lens ko TinEye a ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. A duba lambar mota da kakin jami'ai da rubutun allunan shaguna da harshen da ake ji a bayan fage, a duba ko ciyawa shar take alhali ana tsakiyar rani. Cibiyoyin bin diddigi irin su Africa Check, da aka kafa a 2012, da Dubawa, da ta fara a 2018, suna wallafa abin da suka tantance kyauta. Idan tsohon hoto aka sa don ya raka labari, a rubuta haka a ƙarƙashinsa. Gawa da jini kuwa ba a buƙatar su don a yarda an yi kisa, kuma mamacin yana da uwa da 'ya'ya masu waya. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a shari'ar da ta shafi lalata ko aikata laifi, amma sakaya suna kaɗai ba ya isa idan an ambaci unguwa da layi da sana'ar mahaifi. Ƙabila da addinin wanda ake zargi kuma kada su shiga kanu sai in su ne ainihin labarin.

Duk da wannan kulawa kuskure zai faru, kuma a nan intanet ta kawo jarrabawar da takarda ba ta da ita, wato damar gyarawa a ɓoye kamar ba a taɓa yi ba. Magana zarar bunu ce, kafin a gyara wani ya riga ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura. Abin da ya dace shi ne a gyara, a rubuta a ƙarshen labarin abin da aka gyara da ranar da aka yi, sannan a kai gyaran duk inda aka kai kuskuren, Facebook ne ko WhatsApp ko X. Labarin intanet kuma ba ya mutuwa, yana iya tasowa bayan shekara uku a zaure a ɗauka sabo ne. Don haka ranar wallafawa ta fito fili a saman shafi, kuma a maimakon "jiya" ko "yau" a rubuta ranar Talata ko 12 ga wata.

Na san yanayin da ake wannan aiki a cikinsa. Akwai shafukan da ake ɗora wa marubuci adadin labaran da zai kawo kowace rana, kuɗin talla kuma ya dogara da yawan masu dannawa, ga albashi kaɗan, ga kuɗin data da na caji daga aljihunsa. Wanda yake cikin wannan hali ba zai iya yin duk abin da na faɗa a kan kowane labari ba, amma akwai abin da bai wuce minti biyar ba. Ya karanta rubutunsa da murya kafin ya wallafa, domin kunnen Bahaushe yana kama jimlar da ta karkace tun kafin ido ya gan ta. Ya buɗe shi a ƙaramar waya ya ga yadda zai bayyana, ya rage nauyin hoto don kada ya cinye datar mutane. Idan su biyu ne a shafin, kowa ya karanta na ɗan'uwansa, ko da ta WhatsApp ne. Masu shafukan kuma nauyi biyu ne a kansu da ba sa buƙatar jari mai yawa. Su ware mutum ɗaya a kowane zangon aiki wanda aikinsa karantawa ne kafin a wallafa, kuma a ba shi ikon tsayar da labari ko da na maigida ne. Su kuma rubuta 'yar takardar salon gida, ko shafi biyu ne, da za ta fayyace yadda ake rubuta Sakkwato da Zariya da Yamai, yadda ake rubuta kuɗi da ranaku da laƙabi, majiyoyi nawa ake buƙata kafin a sanar da rasuwar mutum, da kuma wanda yake da hurumin cewa labari ya cancanci a kira shi da ɗumi-ɗumi.